Mu Koyi Turanci: Kalmar SCANDALOUS

Masu karatu, kalmarmu ta wannan wata ita ce scandalous. Ana faɗinta kamar "sikandalas". Ta fito daga scandal, wato abin kunya da ya fito fili. Ana sifanta aiki da ita idan ya munana har jama'a suka riƙe baki.

Ga misali daga noman rani a dam ɗin Watari, ƙaramar hukumar Bagwai. A ce wani ya tare ruwa da dare, tumatirin maƙwabtansa ya bushe. Sai a ce:

His behaviour is scandalous. Halinsa abin kunya ne.

Ko wani ya cuɗa takin zamani da yashi, ya sayar wa manoma:

This is a scandalous act. Wannan aikin assha ne.

A kula, kalmar tana da nauyi. Ba a faɗinta don mutum ya makara ko ya yi kuskuren lissafi. Kada kuma a sa ta cikin takardar koke a kan wani sai da shaida, domin ɓata suna yana kai mutum kotu.

Aikin gida: Ku rubuta jimla biyu da kalmar, ku nuna wa malaminku.