Gini a kan tudu: darasi daga tsaunukan Maroko

A daren 8 ga Satumba 2023 ƙasa ta girgiza a tsaunukan Atlas na ƙasar Maroko. Mutane kusan 3,000 suka mutu, yawancinsu a ƙauyukan kan dutse. Masallacin Tinmel, wanda aka gina tun ƙarni na 12, ya rushe sai kaɗan. Cibiyar girgizar tana ƙarƙashin waɗannan tsaunuka ne, amma ba shi kaɗai ne dalilin yawan ɓarnar ba. Wurin da gini ya zauna yana da nasa hannu a ciki.

Ku kama itace ku jijjiga: gindin ba ya motsi sosai, amma reshen sama sai lilo. Haka tudu yake. Ƙarfin girgiza yakan taru a ƙololuwa da bakin gangare, har gidan da ke can ya sha wuya fiye da irinsa da ke kan dutse shimfiɗaɗɗe a ƙasa.

Gangaren ma da nasa haɗari. Kafin a yi gini a wurin, akan sare gefen tudu a zuba ƙasar a gaba don a sami fili. Rabin harsashi yana kan dutse ke nan, rabi kan ciko. In an yi girgiza sai cikon ya nutse, bango ya tsage. Daga sama kuma duwatsu na gangarowa. A ƙauyen Imi N'Tala gefen dutse ne ya ɓalle ya faɗa wa gidaje. Duwatsun sun kuma toshe hanyoyi, masu ceto suka makara.

Tsofaffin gine-ginen yankin na laka ne da duwatsu, da rufin ƙasa mai nauyi a kan katako, kusan irin soronmu. Suna ɗaukar nauyi daga sama shekara aru-aru, amma ba sa jure turi daga gefe, musamman in ba a ɗaure kusurwoyi ba. Laka ba ta da laifi, rashin ɗauri da rashin gyara ne matsalar.

Girgiza mai ƙarfi ba ta cika zuwa yankinmu ba, ko da yake ƙasa ta motsa a Kwoi a 2016, wasu bangaye suka tsage. Ku zaga tsofaffin gine-ginen ƙauyenku tare da magini. Wanne ne ke kan ciko? Wanne ne ruwan sama ke cin gindinsa? Akwai dutse a samansa da zai iya gangarowa?