Filin Gwaggo: "Ta zare jaririn daga hannuna a gaban mata"

  Gwaggo, don Allah ki sakaya sunana da unguwarmu.

Shekarata bakwai da aure. Gida ɗaya muke da Hajiya, mahaifiyar maigidana, sashenmu daban amma ƙofa ɗaya. Haihuwata uku. 'Yar farina tana nan da ranta, har ta shiga firamare. Na biyun namiji ne, kwana uku ya yi ya koma. Shawara ce ta kama shi tun ranar da aka haife shi, idonsa da jikinsa duk suka yi ruwan ɗorawa. Na ukun bai zo da rai ba, a wata takwas. Cikin ya yi girma har ana ta cewa tagwaye ne. Ba a nuna mini shi ba, na dai ji ana cewa a kumbure ya zo. Duk wannan na rungumi ƙaddara, wanda ya ba ni shi ya karɓi abinsa.

Abin da na kasa haɗiyewa shi ne na ranar sunan facalata. Ni na kwana a kan tukunya, ni na daka yajin jego. Da hantsi na shiga ɗakin mai jego, ɗaki cike da mata, na ɗauki jaririn ina yi masa wasa. Sai Hajiya ta taso daga bakin gado ta zare shi daga hannuna, ta ce, "Kawo shi nan, kada a shafa masa wabi." Ɗakin ya yi tsit. Wata ta rufe baki da mayafi, na san dariya take yi. Ban san yadda ƙafata ta kai ni sashena ba.

Da dare na faɗa wa maigida. Cewa ya yi, "Ki yi haƙuri, kin san halin tsofaffi." Shi ke nan. Bai je ya same ta ba, bai sake tayar da zancen ba. Gwaggo, ni na kashe su? Ni da na ɗauke su a cikina, na yi naƙudarsu, na yi wankan jego hannu wofi har sau biyu? Matar nan ban taɓa ɗaga ido na kalle ta ba. Ni ke yi mata wanki, ni ke dama mata kunu. Amma ta yi mini haka a gaban baƙi, har da dangin facalata da suka zo daga wani gari. Har yau idan na rufe ido hannunta nake gani yana zare yaron. Kuma ina jin ƙishin-ƙishin tana nema wa maigida auren 'yar ƙanwarta.

Yanzu ga shi na yi ɓatan wata. Ban faɗa wa kowa ba, har shi, sai Innata. Ba zan je awo ba, domin malamar da ke asibitin unguwarmu 'yar ƙawar Hajiya ce, kafin in dawo gida labari ya riga ni. Inna ta aiko mini da rubutu da wani jiƙo na riƙe ciki, ina sha safe da yamma. Idan zazzaɓi ya taso ina aika yaro kemis.

Shin in tattara in tafi gidanmu sai na haihu, ko in zauna in yi shiru har cikin ya nuna kansa ta ji kunya? Ba na son ta sake samun bakin magana a kaina.

Taki,
Mai ɓacin rai, daga Kano.

* * *

'Yata, Allah ya sa waɗanda suka rigaya masu ceto ne, ya raya wadda ta rage.

Abin da Hajiya ta yi bai dace ba, kuma shirun maigidanki ya fi maganarta ciwo. Na faɗa, kuma iyakar abin da Hajiya za ta samu a filin nan ke nan. Kin ba ni labarin ranar suna har da wadda ta rufe baki da mayafi, amma ba ki gaya mini watan cikin nawa ba, ba ki ce a gida kika haihu ko a asibiti ba, ba ki ce kin taɓa yin awo a cikin ukun nan ba, balle abin da likita ya ce lokacin da yaron ya yi shawara. Kin bar jaki kina dukan taiki. Maganar yin yaji zuwa gidanku kuwa ba zan ɓata takarda a kanta ba. Cikin da ke jikinki bai san gidanku ba, bai san gidan Hajiya ba.

Tambayar da nake so ki amsa ita ce, mene ne rukunin jininki?

Kada ki ce mini AA. Wannan jinotayif ne, na sikila. Mutane sun fara sanin sa, musamman tun da aka sa hannu a dokar gwaji kafin aure a Kano a 2024, amma da yawa suna ɗauka shi ke nan an gama gwajin jini. Rukunin jini daban ne: A, B, AB ko O, kuma kowanne yana da alamar tarawa ko ta ɗebewa a gefensa, abin da malaman asibiti ke kira fozitif da negetif. Wannan 'yar alamar nake nema. Masu negetif ba su da yawa a cikinmu, ba su wuce biyar ko shida cikin ɗari ba, kuma lafiyarsu ƙalau, ba cuta ba ce. Sai dai idan mace negetif ce, mijinta fozitif, ɗan ya gado jinin uban, a nan ake samun matsala. Wajen haihuwa, ko ɓari, ko zubar jini, kaɗan daga jinin ɗan yana shiga jikin uwa. Garkuwar jikinta sai ta ɗauke shi baƙo ta yi masa shiri, kamar maigadin da aka shammata sau ɗaya, daga ranar ba ya sake barci. Ɗan fari yakan tsira, domin kafin shirin ya kammala ya riga ya fito. Na bayansa su ke shan wahala. Sinadaran da jikin uwa ya ƙera suna ratsa mabiyiya su riƙa farfasa jinin ɗan tun yana ciki. Wani ya fito da shawara mai ƙarfi a ranar farko. Wani jininsa ya ƙare tun a ciki, zuciyarsa ta gaza, jikinsa ya tara ruwa, cikin uwar ma ya cika da ruwa har a zaci tagwaye ne.

Sake karanta wasiƙarki. Ta fari lafiya, na biyu shawara tun ranar haihuwa, na uku a kumbure. Ban ce shi ne ba, ba a duba mara lafiya ta wasiƙa. Hawan jini yana kashe ɗa a ciki, haka ciwon suga, haka zazzaɓin cizon sauro, haka tunjere. Shawara mai tsanani kuma tana kama jarirai maza masu wani rauni na gado a jininsu, musamman idan an ajiye kayansu da ƙwallon kafur. Amma jerin da kika kawo duk ungozomar asibiti da ta san aikinta za ta miƙe zaune idan ta ji shi. Gwajin kuwa ɗigon jini ne da 'yan mintuna.

Akwai allurar da ake kira Anti-D, tun 1968 ake amfani da ita. Ana yi wa mace mai negetif cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari, wasu asibitocin kuma suna yi tun ciki yana wajen mako 28, don kada jikinta ya yi wancan shirin. Tana da tsada, shi ya sa magidanta da yawa idan aka rubuta musu sai su ninke takardar su sa a aljihu, tunda ga uwa lafiya ga ɗa lafiya. Ki tuna, ko an taɓa rubuta muku wata allura bayan haihuwarki ta fari? Ba zan ɓoye miki ba: idan jiki ya riga ya yi shirin, allurar ba ta warware shi. Akwai gwaji na biyu, gwajin Coombs, shi ke nuna ko an kai nan. Ko an kai, ba a yanke ƙauna. Ana bin cikin da hoto a kai a kai ana auna gudun jini a kan ɗan, ana ciro shi kafin lokaci idan an ga zamansa a ciki ya fi fitowarsa haɗari, ana sa shi a ƙarƙashin shuɗiyar fitila, ana canja masa jini idan ta kama. Wannan ba aikin asibitin unguwa ba ne, don haka 'yar ƙawar Hajiya ta fita daga lissafi. Ke da ke Kano ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga Asibitin Murtala. Mai tarihi irin naki wurin likitan mata take zuwa kai tsaye.

Yanzu bari in yi faɗan da na saba yi, masu karanta filin nan sun san shi. Ɓoye ciki. Mun gaje shi, mun mai da shi kunya, mun mai da shi tsoron baki da maita, har mace ta kai wata shida ko bakwai kafin ta karɓi kati. To wa ake ɓoye wa? Ki ɓoye wa facala, ki ɓoye wa maƙwabta, ban hana ba, ba kowa ne ke da haƙƙin sani ba. Amma watanni ukun farko da muke rufewa da zani su ne lokacin da ake ƙera ɗan. Lakarsa da ƙwaƙwalwarsa suna rufewa cikin kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar ba. Shi ya sa ake so a fara shan folik asid, maikirogiram 400 kullum, tun kafin a ɗauki cikin. 'Yar ƙwaya ce mai araha, tana rage haihuwar yaran da ake gani da ƙullutu a gadon baya. Kin makara da farawa kafin ciki, amma ki fara yau. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce zuwa awo sau takwas, na farko kafin ciki ya wuce mako 12. Mu kuwa har yanzu muna ganin wadda ta je da wuri ta cika rawar kai.

A awon farkon nan ake auna hawan jini, a duba fitsari, a ga yawan jini, a yi gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere, waɗanda duk akwai abin da ake yi don kada su kai ga ɗan. A nan ake ba da maganin ƙarin jini da gidan sauro, a fara allurar sarƙe-haƙora. Maganin rigakafin zazzaɓi, Fansidar, shi ma yana da lokacinsa: ba a sha a watanni ukun farko, daga mako 13 ake farawa, wata ɗaya tsakani, aƙalla sau uku. Yaron da kike aikawa kemis ya san wannan? Mai kemis ɗin ma bai san kina da ciki ba, tunda kin ɓoye, zai ƙulla miki haɗin da yake ƙulla wa ɗan acaɓa. Cikin irin haɗin nan akwai magungunan ciwon jiki da na kashe ƙwayoyin cuta da ba a ba mai ciki. Zazzaɓi ya taso, a gwada jini, likita ya zaɓi magani daidai da watan cikin.

Jiƙon Inna ki ajiye shi. Na san da ƙauna ta aiko, amma ita kanta ba za ta iya gaya miki ƙarfin abin da ke cikin kofi ɗaya ba, kuma cikin saiwoyin da ake jiƙawa akwai masu murɗa mahaifa. Addu'a da tofi kuwa ki ƙara a kan wanda kike yi.

Saura maigida. Ki faɗa masa a daren nan. Ba don ya cancanta ba, don ana buƙatar jininsa a gwada tare da naki, kuma kuɗin mota da na hoto daga aljihunsa za su fito. Kada ki fara da Hajiya, idan kika fara da ita zai sake ce miki ki yi haƙuri ya juya baya. Ki ce masa, "Ina da ciki, kuma an ce abin da ya ɗauke yaran nan biyu yana iya zama abin da ake ganowa a jini. Ina so ka kai ni ranar Litinin." Namijin da ya sa 'ya'ya biyu a rami da hannunsa, shirunsa ba lallai rashin damuwa ba ne. Sau da yawa bai san akwai abin yi ba. Idan ya ce sai an tambayi Hajiya, to sannan ki kira mahaifinki ko wanki su yi magana da shi, maza da maza.

Ki binciko duk wata takardar asibiti da ke ƙasan akwati, ko ta yage, ki tafi da ita. Kafin ranar, da bayanta, idan kika ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu, ko zazzaɓi mai zafi, ko kuma nan gaba ɗan ya rage motsi, ba a jiran gari ya waye. Wannan karon a asibiti za ki haihu, kuma ba za ku fito ba sai an duba jaririn. Shawarar da ta bayyana a ranar farko ba a shanya ta a hantsi, ba a ɗura mata ruwan gulukos.

Idan gwaji ya nuna ke negetif ce, irin jininki yana wuyar samu a ma'ajiyar jini, kuma ranar haihuwa ke ko jaririn wani na iya buƙata. Waɗanda kuke ciki ɗaya da su sun fi kowa yiwuwar samun irinsa. Ki sa yayyenki da ƙannenki su je a gwada su tun yanzu, ki rubuta lambar wayar duk wanda ya dace a bayan katin awonki. Sannan ki aiko mini da sakamakon, tare da watan cikin da kika manta ba ki faɗa ba.

Gwaggo