Idanun Kaza

Kowa ya san kaza. Amma wa ya taɓa lura da yadda take duban sama? Takan karkata kai gefe guda, ta duba da ido ɗaya.

Idanun kaza a gefen kai suke, ba a gaba kamar namu ba. Ƙwaƙwalwarta kuwa ɓari biyu ce. Idon dama yana kai labari ɓarin hagu, idon hagu yana kai labari ɓarin dama. Kowane ido da aikin da ya fi iyawa. Da na dama ta fi gane tsaba a cikin tsakuwa. Da na hagu ta fi saurin hango shirwa, da shi kuma ta fi riƙe wuraren da ta sani. Ashe kaza ba ta da wautar da muke zato.

Wannan rabon aiki tun a cikin ƙwai yake farawa. Kun sani kaza takan yi kwana 21 tana kwanci. A kwanakin ƙarshe ɗan tsako yakan naɗe, jikinsa ya rufe idon hagu, idon dama ya fuskanci ɓawo. Hasken da ke ratsa ɓawon, idon dama yake samu.

Wata malama a ƙasar Ostiraliya, sunanta Lesley Rogers, ta gwada wannan ita da abokan aikinta, suka bayyana abin da suka gani a shekarar 2004. Suka raba ƙwai kashi biyu, kashi ɗaya a haske, kashi ɗaya a duhu. Da aka ƙyanƙyashe, aka watsa wa 'yan tsakin tsaba cikin tsakuwa, aka riƙa gilma surar shaho ta samansu.

To, 'yan tsakin haske suka iya aiki biyu gaba ɗaya. Suna tsintar tsaba, suna lura da sama. Na duhu kuwa sai suka rikice. Ba su hango shaho da wuri ba, ga shi suna ta saran tsakuwa. Washegari aka sake gwada su. Na haske ba su manta darasin jiya ba, na duhu kuwa kamar ba a taɓa koya musu ba.

Gobe da safe ku watsa wa kajinku gero. In shirwa ta gilma, ku duba da wane ido suka kalle ta. Ku rubuta, dama ko hagu, ku kawo wa malam.