Bin Sawun Sababbin Alamomi a Taswirar Karin Harshe

1.0 Gabatarwa

Nazarin karin harshe ba ya cika sai da taswira, domin ita ke nuna inda ake cewa biyar da inda ake cewa biyat, kamar yadda ake ji tsakanin Kananci da Sakkwatanci. A yau da kwamfuta ake zana irin wannan taswira. Daga cikin manhajojin da ake amfani da su akwai QGIS, wadda Gary Sherman ya fara ginawa a shekarar 2002. Wannan darasi zai duba yadda ake gane sababbin alamomin da aka ƙara wa taswira, musamman idan ana sarrafa manhajar da rubutaccen umarni na Python.

2.0 Alama da Lambarta

Alama a nan tana nufin ɗigo ko layi ko fili da ke wakiltar wani abu a doron ƙasa. Misali, ɗigo guda na iya wakiltar garin da aka naɗi muryar masu magana. Kowace alama tana da lambar shaida. Sai dai idan ana cikin gyara, manhajar ba ta shigar da sabuwar alama cikin fayil nan take. Tana riƙe ta ne a ma'ajin wucin gadi, ta ba ta lambar wucin gadi mai alamar debewa, kamar -5. Sai an adana aikin sannan alamar ta sami lambarta ta dindindin.

3.0 Inda Matsala Take

Idan mai nazari ya danganta muryar da ya naɗa da lambar wucin gadi, to, da zarar ya adana aikin lambar za ta canza, muryar ta rabu da garinta. Ta haka wahalar makonni a fagen bincike kan tashi a banza.

4.0 Mafita

Hanyoyi biyu ne:

(i) A jira sanarwar da manhajar ke bayarwa bayan adanawa, wato committedFeaturesAdded, domin ita ke zuwa da lambobin dindindin. Sanarwar featureAdded kuwa takan zo tun ana cikin gyara.

(ii) Mai nazari ya keɓe gurbi a jadawalin bayanai, ya ba kowane gari lambar da ba za ta sauya ba.

5.0 Auna Fahimta

1. Mene ne bambancin lambar wucin gadi da ta dindindin?
2. Wace hanya ce ta fi dacewa idan mutane da yawa ke aiki a kan taswira ɗaya? A kawo dalili.