Kafin ki karɓi odar ƙasar waje, ki auna kwalinki

Sana'ata a Kano ita ce ɗaure kaya da tura su ƙasashen waje ta jirgin sama. A da, masu shigo mana ofis iyaye ne da ke aika wa 'ya'yansu ɗalibai yaji da ɗinkin salla. Yanzu akasarinsu 'yan kasuwa ne, yawanci mata, waɗanda shagonsu ke cikin Instagram da TikTok da WhatsApp. Mace za ta ɗora bidiyon huluna ko turaren wuta da daddare, kafin gari ya waye wata daga Landan ko Jidda ta turo saƙo: "Nawa ne, kuma za ki iya aiko min?" Alheri ne babba, ina kuwa murna da shi. Abin da ke ci min rai shi ne yadda ribar take zubewa a kan teburina, saboda an karɓi kuɗin mutane kafin a yi tambaya.

Wata rana wata hajiya ta shigo da kwali cike da huluna zanna, kowace an cusa mata takarda don kada ta lotse. Ta riga ta ɗora shi a sikeli a gida, kilo 4, a kan haka ta yanke wa mai sayen kuɗin aike. Na ɗauko tef na auna: tsawo santimita 50, faɗi 40, tsayi 30. Kamfanonin jigilar gaggawa irin su DHL suna ninka waɗannan ukun su raba da 5000, sannan su caji wanda ya fi yawa tsakanin sakamakon da ainihin nauyin, domin a jirgi wuri ma kuɗi ne. Lissafi ya ba da kilo 12. Ta yi shiru tana kallon wayarta, can ta ce, "Malam, wallahi na riga na faɗa mata farashi, har ta biya." Muka zazzage kwalin, muka cire takardun, muka jera hulunan wata cikin wata, na yanke tsayin kwalin ya koma 15. Ya sauko kilo 6. Duk da haka sai da ta cika daga aljihunta.

Wannan mai sauƙi ne. Mai zafin shi ne kayan da ba za su shiga ƙasar ba ko nawa aka biya. Kilishi ne kan gaba. Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai da Amurka duk ba sa yarda a aiko musu nama daga Najeriya a ƙunshi, saboda tsoron cututtukan dabbobi, kuma dambun nama yana cikin hukuncin. Kusan kullum sai an ce min, "Ai wance ta tura ya wuce." Ya wuce ne don ba a buɗe ba. Ranar da kwastan suka buɗe, ƙwacewa za su yi, ke kuma ki mayar da kuɗin mai saye. Ba na karɓa, kuma ba na yarda a rubuta "kayan sawa" a takarda alhali nama ne a ciki. Ƙarya ce, ga shi sunanki da nawa ne a jiki.

Busasshen wake ma, a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da na Najeriya saboda maganin ƙwarin da ake zuba masa wajen ajiya. Jaka ko takalmin fatar mesa ko ta kada sai da izini ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kare namun daji. Turare mai sifirit kuwa kaya ne mai kama wuta a dokar jiragen sama, yana da nasa tsarin ɗauri. Zoɓo da citta in sun yi yawa, a nemi takardar lafiyar tsirrai daga hukumar NAQS.

Sai haraji, wanda ya canza ƙwarai, da yawanmu ba mu sani ba. Tun 1 ga Yuli 2021 Tarayyar Turai ta soke rangwamen harajin VAT da take yi wa kayan da ba su wuce Yuro 22 ba. Amurka ma, daga 29 ga Agusta 2025 ta janye sassaucin da ke barin kayan da ba su haura Dala 800 ba su shiga babu kuɗin fito. Abin da hakan ke haifarwa na sha gani: kaya ya isa, a kira mai saye a ce sai ta biya, ta ce ba a yi haka da ita ba, kwali ya zauna. Ku faɗa a rubuce tun wajen ciniki wa zai biya kwastan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada kaya ya bar hannunku don an turo hoton rasit, sai kun ga kuɗi a asusu. In harka ta wuce ƙunshi ɗaiɗai, a yi rajista da CAC, a karɓi shaidar fitar da kaya ta NEPC, a cike fom ɗin NXP ta banki. Dokar Babban Banki ita ce kuɗin kayan da ba fetur ba su dawo gida cikin kwana 180.

A ganina ma, mai farawa ba sai ta hango Turai ba. Maraɗi da Yamai da zangon Kumasi da Njamena duk kasuwar waje ce, masu sayen suna jin Hausa, sun san zanna sun san humra, mota kuma tana zuwa. Hajiyar hulunan nan yanzu kusan rabin odarta daga can suke. Odar Landan kuwa, in ta shigo, sai hajiyar ta fara turo min hoton kwali da tef a miƙe a kansa, in yi mata lissafi, sannan ta ba mai saye amsa.