Darasin Wannan Wata: Matsalar Sensar Kamshaf a Injin Mota

Darasinmu na yau a kan mota ne. Mota ke kai amfanin gona kasuwa. Ita ke kai mara lafiya asibiti. In ta mutu a hanya, an yi asara.

Mene ne kamshaf?

Kamshaf wani dogon ƙarfe ne a cikin inji. Shi ke buɗe bawul, iska ta shiga, hayaƙi ya fita. In karanshaf ya juya sau 2, kamshaf zai juya sau 1. Kusa da shi akwai wata 'yar na'ura mai suna sensa. Ita ke gaya wa kwamfutar mota inda kamshaf ya kai. Da haka kwamfuta ke sanin lokacin ba da fetur da wuta. Tsofaffin motoci masu kafireto, irin su Peugeot 504, ba su da ita.

Alamomin matsala

1. Mota tana wuyar tashi.
2. Tana fizga a kan hanya.
3. Tana mutuwa in ta yi zafi, ta tashi in ta huce.
4. Tana shan mai fiye da da.
5. Fitila mai hoton inji ta kunnu a gaban direba.

Amma a kula. Mataccen fulogi ko raunin famfon mai ma suna kawo irin waɗannan alamomi. Don haka kada a yi gaggawar sayen sabuwar sensa.

Yadda ake bincike

1. A auna batir. Cikakken batir yana nuna wajen bolt 12.6 in mota tana kashe.
2. A je wurin bakanike mai na'urar bincike. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996 suna da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. Nan ake jona na'urar.
3. In ta nuna lamba P0340, matsalar tana kan hanyar sensa. Tana iya zama sensar, tana iya zama wayarta.
4. A kashe mota, a zare makulli, a duba wayar. Ɓera yakan ci waya, musamman a motar da ke ɗaukar hatsi. Baƙin mai da tsatsa sukan ɓata soket.
5. Sensa mai waya 3, ɗaya ce ke kawo mata wuta. Bakanike ya auna, yawanci bolt 5 ne ko 12.
6. A duba bel ko sarƙar taimin. In ta saki ko ta tsallake haƙori, sabuwar sensa ba za ta yi magani ba.

Sai an ga duk waɗannan lafiya, sannan a canza sensa. Gyaran waya ya fi sayen sensa araha.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin sensar kamshaf?
2. Faɗi alamomi 3 na matsalarta.
3. Me za a duba kafin a sayi sabuwa?

A karanta wa direban garinku wannan darasi. Sai wata mai zuwa.