Ambaliya a Bakin Kogin Challawa

Ruwan da ke sauka a unguwannin ma'aikatu na Kano ta hanya biyu yake fita. Na Bompai ya kan bi rafin Getsi ya faɗa Jakara. Na Sharada kuwa sai ya bi Salanta ya gangara kogin Challawa, inda ma'aikatun jima su ma ke zuba ruwansu. To, duk abin da kogin ya kwaso, mutanen ƙauyukan gangare, kamar su Tamburawa, su ke karɓa.

Dattawa ba su manta da 1988 ba, sa'ad da madatsar Bagauda ta ɓalle cikin watan Agusta, ta rushe gidaje, ta cinye gonaki. A 2001 kuma Tiga da Challawa suka cika suka tumbatsa.

Mu da za mu zama malaman ƙauye, me za mu koya wa yara? Tun da bazara a yi gayya a yashe magudanai, a sake yaɓe, a ɗora rumbu bisa duwatsu, a ajiye iri a tudu. Amma abin da ya fi damunmu rijiya. Gama in ruwa ya janye, mutum ya kan duba gida da gona, ya manta ruwan jima da na masai sun shiga rijiyarsa. Sai a yashe ta tukuna. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin amai da gudawa, amma ba ta fid da gubar jima. Wannan kam sai dagaci ya kai kuka ga hukuma, a kawo wa mutane ruwan sha daga wani wuri.